Kafin a Haƙa Harsashi: Sharhi Kan Gine-ginen Jama'a a Tambuwal da Kebbe

Gaisuwa ta musamman ga mutanen kudancin jihar Sakkwato, na Tambuwal da Dogon Daji da Sanyinna da Jabo, da na Kebbe da Kuchi da Margai da Girkau. Ku matso kusa da rediyo, domin zancen yau ya shafe ku kai tsaye.

Zancen gini ne. Gidan mutum kowa yana yin sa daidai ƙarfinsa, ba mai ce masa don me. Wanda ya dame ni shi ne ginin jama'a, wato kasuwa da tashar mota da makaranta da masallacin Juma'a da ƙofar shiga gari, abin da ake yi da kuɗin kowa, kuma kowa zai riƙa kallon sa safe da yamma har jikoki su taso su tarar da shi. Duk wanda ya saba bin babbar hanyar nan da ta taso daga Sakkwato, ta ratsa Boɗinga da Shagari, ta iso Tambuwal ta wuce Jega, ya haddace kamannin irin waɗannan gine-gine. A jera bulo, a shafe da siminti, a ɗora kwano, a bar 'yar taga. Sai ranar buɗewa ta ƙarato a tuna da ado, a kira mai fenti cikin gaggawa ya shafa kore da fari. Damina biyu fentin ya ɓare. Irin ginin da ka gani a nan shi za ka gani a kowace jiha ta ƙasar nan, babu abin da zai shaida maka cewa a garin da Muhammadu Buhari ɗan Shehu ya zauna kake tsaye.

Da kyan gani kaɗai muka rasa, da da sauƙi. A watan Afrilu, lokacin da zafin ƙasarmu ke haura digiri 40, ku leƙa ajin da aka rufe da kwano ba silin da misalin ƙarfe ɗaya na rana, ku ga yadda yara ke fifita da littafi, malami na share gumi. Ku leƙa kasuwanninmu, za ku tarar mai albasa da mai tumatir sun bar shagon da aka gina dominsu, sun koma gindin dogon yaro ko ƙarƙashin rumfar zana. Ba wanda ya tambaye su ra'ayinsu a kan ginin, amma ga shi sun bayar da amsa da ƙafafunsu.

Abin da nake kira a kai ɗaya ne. A daina raba mai tsara gini da mai ƙawata shi da maginin gargajiya. Su uku su zauna a tabarma ɗaya tun kafin a haƙa harsashi, ta yadda adon zai fito daga jikin ginin, kuma ya yi wa mutane aiki. Wannan abu an yi shi an gama, a ƙasar Hausa, a wurin da ɗan Tambuwal zai iya tashi da safe ya isa kafin dare.

Idan ka tashi daga Sakkwato ka bi ta Illela, ka tsallaka Birnin Ƙonni ka nufi Tawa a Jamhuriyar Nijar, a cikin wannan jiha akwai wani garin Hausawa da ake kira Dandaji. Mutanen garin sun daɗe suna cin kasuwar mako a gindin wata tsohuwar bishiya. Da aka tashi mayar da ita kasuwar dindindin, aikin ya faɗa hannun wani ofishin tsara gine-gine da ke Yamai mai suna Atelier Masomi a lokacin, wanda Mariam Issoufou ta kafa a 2014. Ita wannan baiwar Allah ilimin kwamfuta ta fara karantawa a Amurka, daga baya ta koma karatun tsara gine-gine, ta dawo gida ta buɗe ofishinta. An kammala kasuwar a 2018.

Bari in siffanta muku ita, domin a nan darasin yake. Ba a sare tsohuwar bishiyar ba. An bar ta a matsayin cibiyar kasuwa, aka gyara kewayenta ya zama wurin zama da hira. Shagunan kuwa da bulon jan ƙasa aka yi su, irin wanda ake matsewa da inji. Saura inuwa, kuma a wuri mai ƙarancin ruwa dasa bishiya ta girma har ta ba da inuwa aiki ne na shekaru. Sai suka kakkafa sandunan ƙarfe a tsakanin shaguna, kowace sanda tana ɗauke da wani faffaɗan zagayayyen ƙarfe, kamar faifan rufe ƙwarya amma mai girman da zai lulluɓe mutane da kayansu. Wani shuɗi, wani kore, wani rawaya. Wani ya yi sama, wani ya yi ƙasa, bakin wannan ya hau kan bakin wancan, inuwarsu ta haɗu a ƙasa, iska mai zafi kuma ta samu hanyar fita ta tsakaninsu. Mai sayar da barkono inuwa ya samu. Baƙon da ya hango kasuwar daga nesa kuwa, abin kallo ya gani wanda babu irinsa a wani gari. Hotunan wannan kasuwar ƙauye sun zagaya mujallun gine-gine na duniya. Ka cire faifayen nan da sunan rage ado, ka cire inuwar kasuwa gaba ɗaya. Irin adon da nake nufi ke nan.

A garin dai, a shekarar dai, ofishin ya kammala wani aikin da ya fi wannan taɓa zuciyata. Tsohon masallacin garin na ƙasa ya tsufa, ya kuma yi wa jama'a kaɗan, har an fara shawarar rushe shi. Mariam Issoufou da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili suka kawo wata shawarar: a gina sabon masallaci mai ɗaukar mutum kusan 1,000 a gefe, tsohon kuma a gyara shi ya zama ɗakin karatu. Suka sa wa wurin suna Hikma. Da za a fara gyara, sai aka nemo maginan da suka yi aikin tsohon masallacin tun farko aka sa su cikin aikin. Su suka nuna yadda ake sarrafa ƙasar wurin, su kuma suka ga dabarun zamani na ƙara mata ƙarfi. Yaron da ya fito daga salla taku kaɗan zai yi ya shiga cikin littattafai, mata ma sun samu wurin karatu da koyon sana'a. Tsarin ya ci lambar zinare ta gasar LafargeHolcim ta yankin Afirka da Gabas ta Tsakiya a 2017, tun ginin bai kammala ba.

Kada wani ya ce ai wannan aikin 'yan boko ne da suka yi karatu a waje. A cikin jihar Tawa ɗin akwai garin Yaama. A 1962 mutanen garin suka ɗora wa wani magininsu, Alhaji Falke Barmu, wanda manomi ne kamar kowa, aikin gina masallacin Juma'a. Gari duka ya fito: masu buga tubali, masu ɗebo ruwa, masu kawo itace. Da farko gini ne mai sauƙi. A 1975 ya sake rufin, ya ɗaura bakan gizo ya ɗora tulluwa. Tsakanin 1978 da 1982 ya tayar da hasumiya huɗu a kusurwoyi huɗu, kowace da siffarta, ba wadda ta yi kama da 'yar'uwarta. A 1986 masallacin ya samu lambar yabo ta Aga Khan, wadda ke cikin manyan lambobin gine-gine na duniyar Musulmi. Mutum ɗaya ne ya tsara, ya gina, ya ƙawata, kuma da ƙasar bayan gari.

Mu a wannan ɓangaren iyaka ba baƙin wannan aiki ba ne. A ƙaramar hukumar Binji har yau ga ragowar ganuwar Surame, birnin da Muhammadu Kanta na Kabi ya gina da dutse da ƙasa a ƙarni na 16. A Zariya kuma Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Masana gine-gine na ƙasashen waje sun yi rubuce-rubuce a kansa, suna mamakin yadda aka rufe fili mai faɗi haka da ƙasa da azara kawai. A da, wanda ya shiga ya ɗaga kai yakan ga ginshiƙai da bakan gizo da zane duk sun zama jiki ɗaya, ba za ka iya cewa ga inda gini ya ƙare ado ya fara ba.

Matasa da yawa da ke saurarona ba su taɓa tsayawa sun kalli maginin gargajiya yana aiki ba, don haka bari in ɗan daɗe a nan. Tun ana sauran kwanaki a fara gini ake jiƙa ƙasa, a zuba mata ciyawa, a tattake da ƙafa, a bar ta ta kwana ta tashi, a sake jiƙawa a sake tattakewa har ta yi danƙo. Sannan a mulmula tubali da hannu, gindi mai faɗi kai mai tsini, a shanya a rana. Ranar gini magini yana zaune a kan katanga ya wara ƙafafu, yaronsa na ƙasa yana jefo masa tubali ɗaya bayan ɗaya, yana cafewa yana dasawa cikin laka, ba ma'auni ba igiya, ido ne da hannu. Katangar tana da kauri a gindi, tana sirancewa tana hawa. Wannan kaurin ne ke shanye zafin rana da yini, ya sa zaure ya yi sanyi da azahar. Azara, wadda ake tsagowa daga giginya, gara ba ta cin ta da sauƙi, amma ba ta jure nauyin rufin ƙasa idan faɗin ɗaki ya haura kimanin mita 2. To yaya za a rufe babban soro? Sai magini ya dasa azara a jikin bango ta leƙo kaɗan, ya ɗaure wata a kanta ta ƙara leƙowa, daga wancan bangon ma haka, hawa-hawa har su haɗu a sama, a lulluɓe su da laka. Bakan gizo ke nan. Larura ce ta haife shi, sai ga shi shi ne abin da ya fi komai kyau a ɗakin.

Haka indararo, wanda ke watsa ruwan sama nesa da gindin bango. Haka makuba, da ake samu daga ɓawon ɗorawa a shafe bango don ruwa ya zame. Haka laso, da ake haɗawa da katsin marina. Sai a ƙarshe, yaɓe na ɗanye, magini ya sa yatsunsa ya ja layi, ya murɗa, ya fitar da dagi a saman ƙofar zaure, ya tayar da zanko a kusurwa. A Kano da Zariya da Damagaram har keke da agogo da takobi an zana a fuskar gidaje. Titi duka ya zama wurin kallo kyauta, talaka da mai kuɗi kowa na wucewa yana gani.

Na san abin da wasu ke faɗa a ransu yanzu, kuma ba zan raina maganarsu ba. Za su ce ginin ƙasa ginin talauci ne, kuma duk damina muna jin labarin gidajen ƙasa da suka rufta a kan mutane. Gaskiya ne. Ruwa abokin gabar laka ne, kuma gidan da aka yi ba harsashin kirki, aka bar shi shekaru ba yaɓe, zai faɗi. Giginya ma ta yi ƙaranci, azara ta yi tsada. Shi ya sa ban ce a koma jiya ba. A Dandaji ba tubalin hannu aka yi sababbin gine-ginen da shi ba. Jan ƙasa ake tankaɗewa, a sa mata ɗan siminti kaɗan, a matse ta da inji ta fito bulo mai kaifin baki, ta bushe ba tare da an ƙona itace ko ɗaya ba. A yi harsashi da dutse ko kankare ya ɗaga bango daga damshi, a yi rufi mai baki da zai kare shi daga feshin ruwa. Francis Kéré na Burkina Faso da irin wannan bulo ya gina makarantar firamare ta ƙauyensu Gando a 2001, ya ɗaga kwanon sama ya bar iska tana ratsawa tsakaninsa da rufin ƙasa. A 2022 shi ne ɗan Afirka na farko da ya karɓi lambar Pritzker, wadda ta fi kowace girma a wannan fanni. Ƙasar da waɗannan mutane ke cin lambobi da ita, irinta ce muke takawa a Kebbe.

Wasu kuma za su ce, mu Musulmi ne, ina mu ina gumakan da ake kafawa a shatale-talen manyan birane? Babu mai neman a kafa mutum-mutumi a Tambuwal. Mu da ke da zayyanar allo, da aska takwas ta babbar riga, da zanen dukawa a kan jar fatar akuyar Sakkwato, da zanen ƙwarya, da saƙar tabarma da faifai, da rubutun ajami, me za mu nema a wurin gunki? Ku ɗauki zanen da baduku ke yi a kan matashin fata mai faɗin kamu biyu, ku faɗaɗa shi ya cika bangon ƙofar kasuwa, a fitar da shi da jerin bulon kansa, wani ya shige wani ya fito, a bar ramukan da iska da haske za su ratsa. Fenti ba ya cikin lissafi balle ya ɓare. Wannan aiki sai an haɗa baduku da magini da injiniya, kowa ya saurari kowa.

Magana mafi nauyi ita ce ta tsaro. Akwai ƙauyuka a wannan yanki, musamman wajen Kebbe da ke maƙwabtaka da Zamfara, da mutane ke kwana da fargabar 'yan bindiga. Wanda bai yi barci ba, ina ruwansa da zanen bango? Ina jin wannan har cikin raina, kuma tsaro shi ne gaba da komai. Amma ko ana wannan hali ba a daina ba da kwangilar azuzuwa da shaguna da asibitoci ba. Kuɗin dai ana kashe su. Tambayar ita ce, su tafi ga siminti da kwanon da ake lodowa daga nesa, ko kaso mai tsoka ya tsaya a hannun matasan garin da za su haƙo ƙasa, su matse bulo, su yi walda, su koyi sana'ar da za ta riƙe su? Saurayin da ya yi wata shida yana gina kasuwar garinsu, yana karɓar ladansa duk mako, yana nuna wa abokansa bangon da hannunsa ya fitar, ya samu dalilin zama a gida.

Masu ilimin ma muna da su. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta daɗe tana yaye masu tsara gine-gine da masu zane, sashe biyu a harabar makaranta ɗaya. A Zariyar nan Demas Nwoko ya yi karatun zane a ƙarshen shekarun 1950, daga baya ya shiga gini da kayan gida, har aka ba shi lambar Zakin Zinare a bikin gine-gine na birnin Venice a 2023. Akwai 'ya'yan jihar Sakkwato da suka yi irin wannan karatu, wasunsu na zaune suna kwafar taswirar gidajen Dubai domin ita masu kuɗi ke nema. Ku 'yan'uwa, ku dubi abin da ofishi ɗaya a Yamai ya yi. Mutum uku ko huɗu sun isa su buɗe irinsa a Sakkwato ko a Tambuwal: mai tsara gini, mai zane, injiniya, da dattijon magini wanda za a ba shi kujera da albashi da girmansa, a rubuta sunansa a allon aiki tare da na kowa. Wannan na ƙarshe shi ya fi gaggawa. Dattawan da suka iya ɗaurin bakan gizo suna ƙarewa, 'ya'yansu sun koma buga bulo ko acaba, kuma iliminsu ba a littafi yake ba. Ya kamata Gidan Tarihi na Waziri Junaidu da jami'o'inmu su bi su gari-gari da na'urar ɗaukar hoto da murya tun suna da ƙarfin hawa katanga.

Ranku ya daɗe iyayen ƙasa, hakimai da dagatai, a hannunku filin kasuwa da filin Idi da na masallaci suke. Idan aka zo muku da shawarar rushe tsohon masallaci ko tsohon zauren gari, ku sa a tsaya a duba ko zai gyaru ya zama makaranta ko ɗakin karatu. Shugabannin ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe da 'yan majalisa masu ayyukan mazaɓu, ba a ce ku sauya komai dare ɗaya ba. Ku zaɓi aiki guda cikin na bana, rumfunan kasuwa ne ko tashar mota ko azuzuwa biyu, ku rubuta a cikin takardar kwangila cewa da ƙasar wurin za a yi, da maginan wurin, kuma mai zane zai shiga tun ranar farko. Ku ware kuɗin gyara na shekara-shekara, domin kowane gini, na ƙasa ko na siminti, yana bukatar mai kula da shi. Ku tura mutum biyar Dandaji da Yaama su gano da idonsu, kuɗin motarsu bai kai na fentin bango ɗaya ba. Alhazai masu niyyar gina masallaci fi sabilillahi, Allah ya karɓa, amma ku tambayi mai taswira yadda sahun baya zai kasance ranar Juma'a a watan Afrilu idan an ɗauke wuta.

Ku kuma sauran jama'a, 'yan kasuwa da direbobi da malaman makaranta da iyaye mata, ku ne za ku zauna a cikin waɗannan gine-gine. Duk ranar da aka kira taro a kan wani sabon gini a garinku, ku halarta, ku nemi a nuna muku taswira, ku tambaya ina inuwa, ta ina iska za ta shiga, wace bishiya za a bari, kuma wane maginin garin nan ne ke cikin aikin. Idan ba a ba ku amsa ba, ku roƙi a dakata da haƙa harsashi har sai an ba ku.